Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya: Asalinta, Yadda Ake Gudanar da Ita, da Waɗanda Ake Tunawa

Ranar 15 ga watan Janairu na kowace shekara ita ce ranar da Najeriya ta keɓe domin tunawa da sojojinta da suka rasa rayukansu a fagen fama, da kuma karrama tsofaffin sojojin da ke raye. A Hausa an fi saninta da Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. Ba ranar hutu ba ce, ma'aikata na zuwa ofis, kasuwanni na ci kamar kullum, amma a Abuja da hedikwatocin jihohi 36 ana gudanar da fareti da addu'o'i da ajiye furanni a wuraren da aka gina domin wannan tunawa. Waɗanda ake tunawa sun haɗa da sojojin da suka halarci yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da yaƙin basasar Najeriya, da ayyukan wanzar da zaman lafiya a ƙasashen waje, da kuma yaƙin da ake yi da 'yan ta'adda da 'yan bindiga a cikin gida.

Daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu

A zamanin mulkin mallaka da shekarun farko na 'yancin kai, Najeriya na yin wannan tunawa ne a ranar 11 ga Nuwamba, tare da Birtaniya da sauran ƙasashen ƙungiyar renon Ingila. Dalilin zaɓen ranar shi ne, da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamban 1918 ne yarjejeniyar tsagaita wuta tsakanin Jamus da ƙasashen ƙawance ta fara aiki, wadda ta kawo ƙarshen faɗa a yaƙin duniya na ɗaya. A shekarar 1919 Sarkin Ingila George na Biyar ya buƙaci jama'a su yi shiru na minti biyu a daidai wannan lokaci, al'adar da ta ɗore har yau. A 1920 aka binne gawar wani soja da ba a san ko wane ne ba a majami'ar Westminster da ke Landan, domin ya wakilci dubban da suka mutu ba a gane gawarsu ba. Daga nan tunanin kabarin sojan da ba a sani ba ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya. Jan furen da ake maƙalawa a ƙirji shi ma daga wancan yaƙi ya samo asali, domin irinsa ne ya riƙa tsirowa a filayen Beljiyam da arewacin Faransa inda aka gwabza.

Bayan yaƙin basasa sai Najeriya ta mayar da ranar zuwa 15 ga Janairu. Yaƙin ya ɓarke ne a ranar 6 ga Yulin 1967, makonni kaɗan bayan Laftanar Kanar Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu ya ayyana ɓallewar yankin Gabas da sunan Biyafara a ranar 30 ga Mayu. An shafe watanni 30 ana fafatawa. A farkon Janairun 1970 Ojukwu ya bar ƙasar zuwa Kwaddibuwa, ya bar ragamar a hannun mataimakinsa Philip Effiong, wanda ya sanar da ajiye makamai ta gidan rediyo a ranar 12 ga wata. Kanar Olusegun Obasanjo, kwamandan runduna ta uku a lokacin, shi ne ya karɓi miƙa wuyan a fagen daga. Ranar 15 ga Janairu kuma Effiong ya miƙa wuya a hukumance ga Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas. Gowon ya bayyana cewa babu wanda ya ci yaƙin, babu kuma wanda aka ci, sannan ya shelanta manufar sulhu da sake gina yankunan da suka lalace da tsugunar da waɗanda yaƙin ya ɗaiɗaita.

Ƙiyasin mutanen da suka mutu a yaƙin ya bambanta ƙwarai, daga rabin miliyan zuwa fiye da miliyan biyu, kuma akasarinsu fararen hula ne da yunwa da cututtuka suka kashe a yankin da aka yi wa ƙawanya. Rundunar sojin tarayya, wadda ba ta wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙin, ta kumbura zuwa kusan 250,000 a ƙarshensa. Da yawa daga cikin dattawan da ake gani a yau sanye da kakin ƙungiyar 'yan mazan jiya, lambobin yabo na reto a ƙirjinsu, samarin da aka ɗauka cikin gaggawa ne a waɗancan shekaru.

Akwai wani nauyi na daban da ke kan wannan kwanan wata, musamman ga mutanen Arewa. A ranar 15 ga Janairun 1966 ne wasu matasan hafsoshi, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, suka yi yunƙurin juyin mulki na farko a ƙasar. An kashe Firaminista Sir Abubakar Tafawa Balewa, da Firimiyan Arewa Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato tare da uwargidansa Hafsatu, da Firimiyan Yamma Cif Samuel Ladoke Akintola, da Ministan Kuɗi Cif Festus Okotie-Eboh. Cikin manyan sojojin da aka kashe a daren akwai Birgediya Zakariya Maimalari, Birgediya Samuel Ademulegun, Kanar Kur Mohammed, Kanar Ralph Shodeinde, da Laftanar Kanar Abogo Largema, Yakubu Pam da Arthur Unegbe. Abin da ya faru a wannan dare shi ne ya buɗe ƙofar juyin mulkin ramuwa na Yulin 1966 da kashe-kashen da suka biyo baya, har aka kai ga yaƙi. Ke nan rikicin ya faro a 15 ga Janairu, ya kuma ƙare a 15 ga Janairu, shekara huɗu cif tsakani. A hukumance ƙarshen yaƙin ake tunawa, amma a Kaduna da Bauchi da Sakkwato ba a raba ranar da tunawa da Sardauna da Tafawa Balewa, kuma ana shirya laccoci da addu'o'i dominsu a daidai wannan lokaci. A Kudu maso Gabas kuwa, mutane da dama na tuna mamatansu na yaƙin ne a ranar 30 ga Mayu, ranar da gwamnati ba ta amince da ita a hukumance ba.

Sunayen barikoki

Tarihin sojan Najeriya ya girmi ita kanta Najeriya. Rundunar sojin ƙasa na lissafa asalinta daga 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, John Glover, ya tara wasu Hausawa a Legas ya kafa ƙaramar runduna da aka riƙa kira Hausawan Glover. A 1897 aka kafa rundunar Afirka ta Yamma ƙarƙashin Frederick Lugard, wadda ta haɗa sojoji daga yankunan da Birtaniya ke mallaka. Hausa ce ta zama harshen bariki na tsawon shekaru, har Turawan da ke jagorantar rundunar sai da suka koye ta.

A yaƙin duniya na ɗaya waɗannan sojoji sun yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916. An sha wuya a Garwa, wadda harin farko a kanta ya ci tura a watan Agustan 1914, ba ta faɗi ba sai a Yunin 1915, da kuma dutsen Mora, inda Jamusawa suka riƙe har Fabrairun 1916. Daga nan aka kwashe bataliyoyi zuwa Gabashin Afirka, inda zazzaɓi da atuni da yunwa suka yi ɓarna ba kaɗan ba. Ga kowane soja mai bindiga akwai 'yan dako da ke ɗauke da harsasai da abinci a ka, da yawansu an ɗebo su ne bisa tilas ta hannun sarakuna da hakimai, kuma sun mutu da yawa ba tare da an rubuta sunayensu ba.

A yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, sojojin Najeriya sun fara fafatawa da Italiyawa a Somaliya da Habasha, suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Bayan haka aka tura dubun-dubatarsu zuwa Burma, ƙasar da a yau ake kira Myanmar, cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, suka yaƙi Japanawa a dazuzzukan Arakan da kwarin kogin Kaladan. Garin Myohaung ya faɗa hannunsu a Janairun 1945.

Wanda ya san wannan tarihi zai ga an rubuta shi a ƙofofin barikokin ƙasar nan, ko da yake mafi yawan masu wucewa ba sa lura. Barikin Dodan kansa, inda aka karɓi miƙa wuyan Biyafara, sunan wani fagen daga ne a Burma. Haka Myohaung da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, wanda ke tuna bataliyoyin Najeriya da suka yi aiki a bayan layin Japanawa a 1944. Barikin Bukavu na Kano kuma na tuna aikin Kwango. Wasu barikokin sunayen mutane suke ɗauke da su: Maimalari a Maiduguri, Kur Mohammed a garin Bama, Abogo Largema a Biu. A Lokoja akwai barikin Chari Maigumeri, saje manjan da ya fara aikin soja a wajen Jamusawa a Kamaru, aka kama shi, ya shiga rundunar Birtaniya, ya kuma halarci yaƙe-yaƙen duniya biyun.

Ba dukan waɗannan mamata ne aka yi wa adalci wajen tunawa ba. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta kafa ya fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Masar da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko allon tunawa ba, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Rahoton ya danganta hakan da wariyar launin fata ta wancan zamani. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisar dokoki. Cikin waɗanda aka manta ɗin akwai 'yan dakon da aka ɗebo daga Afirka ta Yamma.

Bayan 'yancin kai

Makonni kaɗan bayan samun 'yancin kai a 1960, Najeriya ta tura sojoji da 'yan sanda zuwa Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a 1964 Manjo Janar Johnson Aguiyi-Ironsi ne ya jagoranci rundunar majalisar baki ɗaya a can. Daga baya sojojin ƙasar sun yi aiki a Labanan da Chadi da wasu wurare. Aikin da ya fi cin rayuka da dukiya shi ne na rundunar ECOMOG a Laberiya daga 1990, sannan a Saliyo, inda Najeriya ce ta ba da mafi yawan sojoji da kuɗi. A Darfur ta ƙasar Sudan, harin da 'yan tawaye suka kai sansanin Tarayyar Afirka a Haskanita a ƙarshen Satumban 2007 ya halaka sojojin kiyaye zaman lafiya aƙalla goma, ciki har da 'yan Najeriya bakwai.

Wasu kuma ba a bakin daga suka rasu ba. A ranar 26 ga Satumban 1992 wani jirgin sojin sama samfurin C-130 ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas, ya halaka mutum fiye da 150, akasarinsu hafsoshi masu matsakaicin muƙami da ke karatu a kwalejin hafsoshi ta Jaji. A ranar 21 ga Mayun 2021 Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya rasu tare da wasu mutum goma a hatsarin jirgin sama kusa da filin jiragen Kaduna, watanni huɗu kacal bayan naɗa shi.

Tun daga 2009, lokacin da rikicin Boko Haram ya ɓarke, ranar ta sauya kama. A da, akasarin waɗanda ake tunawa mutanen wani zamani ne da ya shuɗe. Yanzu matan da ke ajiye furanni a madadin iyalan mamata sau da yawa matasa ne masu goyo. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya yi suna wajen yaƙi da tankoki a arewacin Borno, ya rasu a Malam Fatori a ranar 4 ga Nuwamban 2016. A Nuwamban 2018 aka kai mummunan hari kan sansanin soji a Metele. Birgediya Janar Dzarma Zirkusu ya rasu a yankin Askira Uba a ranar 13 ga Nuwamban 2021. A Maris ɗin 2024 an kashe sojoji 17 a ƙauyen Okuama na jihar Delta, aka binne su a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja, inda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba su lambobin girmamawa na ƙasa, ya kuma yi wa iyalansu alƙawarin gidaje da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu. Waɗannan su ne sunayen da jaridu suka ɗauka. Ƙananan sojojin da suka faɗi a Sambisa da tsibiran Tafkin Chadi da dazuzzukan Zamfara da Neja sun ninka su nesa ba kusa ba, kuma galibi iyalansu da abokan aikinsu ne kaɗai suka san sunayensu.

Yadda ake gudanar da bikin

Shirye-shiryen na farawa ne makonni kafin ranar, lokacin da Shugaban Ƙasa ke ƙaddamar da tambarin tunawa a fadar gwamnati. Gwamnoni na yin irin wannan a jihohinsu. Ana sayar da tambarin ga jama'a, jami'an gwamnati na maƙala shi a ƙirji, kuma kuɗin da aka tara da gudummawar da ake bayarwa a wajen ƙaddamarwar an yi su ne domin tallafa wa tsofaffin sojoji da iyalan waɗanda suka rasu. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Najeriya, wadda aka kafa da doka a 1964, ita ce ke tsaye a kan wannan aiki, tana kuma da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi.

A Juma'ar da ke gabanin ranar ana yin addu'a ta musamman a Masallacin Ƙasa da ke Abuja, ranar Lahadi kuma a yi taron addu'a na haɗin gwiwar ɗariƙun Kirista a Cibiyar Kirista ta Ƙasa. Haka ake yi a masallatai da majami'un barikoki a faɗin ƙasar.

Ranar 15 ga wata da safe ake taruwa a dandalin tunawa na ƙasa, daura da filin Eagle Square, inda aka gina wurin tunawa da sojan da ba a sani ba. Shugaban Ƙasa, a matsayinsa na Babban Kwamandan Askarawa, ko mataimakinsa idan ba ya nan, kan duba faretin girmamawa na sojojin ƙasa da na ruwa da na sama da 'yan mazan jiya. Limamin soja da fastocin soja kan yi addu'a. Sai a busa begilar bankwana, a yi shiru na minti ɗaya. Daga nan ake ajiye furanni bisa tsarin muƙami: Shugaban Ƙasa, Mataimakinsa, Shugaban Majalisar Dattawa, Kakakin Majalisar Wakilai, Alƙalin Alƙalai, Ministan Tsaro, Ministan Babban Birnin Tarayya, Babban Hafsan Tsaro da hafsoshin rundunoni uku, Sufeto Janar na 'yan sanda, wakilin jakadun ƙasashen waje, shugaban ƙungiyar 'yan mazan jiya, sai wata mace da ke wakiltar matan da suka rasa mazajensu. Ana harba bindiga sau uku, al'adar da ake dangantawa da yaƙe-yaƙen da, inda ɓangarori biyu kan tsagaita domin kwashe gawarwaki, sannan a yi harbi uku a matsayin sanarwar an gama. Shugaban Ƙasa kan sa hannu a littafin tunawa, ya saki fararen tantabaru alamar zaman lafiya. A bikin 2021 tantabarun sun ƙi tashi bayan an buɗe musu keji, lamarin da ya fi jan hankalin masu amfani da shafukan sada zumunta a ranar fiye da jawaban da aka gabatar. A Legas ana yin bikin a dandalin tunawa da ke filin Tafawa Balewa.

Tunawar da ake yi a gida

Furanni da begila al'adun soja ne da aka gada daga Turawa. A gidajen da aka yi rashin, tunawa na bin hanyar addini da al'adar mutanen gidan. A gidan Musulmi ana yi wa mamaci addu'ar Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, a yi sadaka da sunansa, wasu su sauke Alƙur'ani, wasu su ziyarci kabari. Matarsa kan yi takaba ta wata huɗu da kwana goma. A gidan Kirista ana shirya addu'ar tunawa a majami'a, sau da yawa a cikar shekara. Abin da ya bambanta rashin soja da sauran rashi shi ne, sau da yawa ba a garinsu ake binne shi ba. Sojan da ya rasu a bakin aiki rundunar ce ke binne shi, galibi a maƙabartar sojoji mafi kusa da inda ya faɗi, kamar ta barikin Maimalari a Maiduguri. Uwar da ke Kebbi ko Kuros Riba na iya shafe shekaru ba ta ga kabarin ɗanta ba. Akwai kuma waɗanda aka rubuta sun ɓace a bakin daga, babu gawa babu kabari, iyalansu na tsakanin jira da zaman makoki.

Batun haƙƙoƙi shi ne ke tasowa kusan kowace shekara idan ranar ta zagayo. Bisa ƙa'ida, magajin sojan da ya rasu a bakin aiki na da haƙƙin kuɗin inshorar rai da garatuti da kuɗin jana'iza, akwai kuma tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'ya. Hukumar fanshon sojoji ce ke biyan waɗanda suka yi ritaya. Sai dai matan mamata sun sha kokawa kan jinkirin biya, da yawan takardun da ake nema, da saɓani tsakanin matar mamaci da danginsa kan wanda aka rubuta a matsayin magaji, da kuma wa'adin barin gidan bariki. Tsofaffin sojoji sun sha yin zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja domin neman a biya su bashin haƙƙoƙinsu, wani lokaci a cikin makonnin da ake shirin bikin tunawar. Ƙungiyoyin matan hafsoshi na gudanar da shirye-shiryen koyar da sana'o'i da rabon kayan abinci ga iyalan mamata, amma tallafin lokaci-lokaci ba ya maye gurbin haƙƙin da doka ta tanada.

Ɗan Najeriyar da ke son shiga wannan tunawa na iya sayen tambarin daga wakilan ƙungiyar 'yan mazan jiya, ya halarci addu'o'in Juma'a ko Lahadi, ko ya je wurin ajiye furanni a hedikwatar jiharsa, inda gwamna ke jagorantar bikin tare da kwamandojin rundunonin da ke jihar. Gidajen rediyo da talabijin na gwamnati kan watsa bikin Abuja kai tsaye da safiyar 15 ga Janairu.